Walimar Babbar Sallah Don Iyalan Da Ke Cikin Matsi A Legas: Tambayoyi Da Amsoshi

Da zarar watan Zulƙida ya raba, wayoyin 'yan kwamitin shirya walimar ba sa hutawa. Wani na neman kati, wata na tambayar ko za ta iya zuwa da 'ya'yan kishiyarta, wani Alhaji kuma na son ya san inda zai aiko da cinyar rago. Tambayoyin dai su ne su ne duk shekara, shi ya sa muka tattara su wuri guda. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa, domin da yawa daga cikin waɗanda aka shirya abin dominsu ba su da wayar da za ta buɗe wannan rubutu.

Wace irin walima ce, kuma su wa ke shirya ta?

Walimar Sallah ce irin wadda kowa ya sani a gida. A shimfiɗa tabarmi, a zuba tuwo da waina, a ci nama, a gaisa, yara su yi ta guje-guje har su gaji. Abin da ya bambanta ta shi ne baƙin da aka gayyata, wato iyalan da Sallah ta riske su hannu babu komai. Idan an tashi, kowane gida zai tafi da ƙullin nama da ɗan abin ɗorawa a tukunya na 'yan kwanaki.

Masu shiryawa ƙungiya ce ta taimakon juna ta 'yan Arewa mazauna Legas. A cikinmu akwai 'yan gwari na kasuwar Mile 12, da mahautan Oko-Oba, da direbobin manyan motoci, da malaman Islamiyya, da ma'aikatan jinya, da matan aure masu sana'ar abinci. Babu mai ɗaukar albashi. Ba mu ƙarƙashin wata jam'iyya, kuma ba ɓangaren addini guda ne ya mallake mu ba. A wurin nan ɗan ɗarika da ɗan Izala ke fiɗar rago ɗaya, kuma har yau ba mu ga naman ya ƙi dahuwa ba.

Yaushe ake yi? Me ya hana a yi ranar Sallar kanta?

Washegarin Sallah ake yi, 11 ga Zulhijja. Ranar da hakan zai kama a kalandar Bature tana jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, saboda haka a kan katin gayyata "washegarin Sallah" kawai za ka gani a rubuce.

Ranar Sallar kanta kowa na da hidimarsa. Ana saukowa daga Idi sai yanka, sai fiɗa, sai gyaran kayan ciki. Naman da masu layya za su ba mu ba ya isowa sai yamma, kuma mahautan da ke taimaka mana a ranar ce suke samun ɗan abin da za su samu na shekara. Ba adalci ba ne a raba su da ita.

Su wa aka gayyata?

Matan da mazajensu suka rasu suka bar su da yara. Gidajen da ke riƙon marayu. Magidancin da jinya ta kwantar ko sana'arsa ta tsaya. Iyalan da rashin tsaro ya koro daga Borno ko Zamfara ko Katsina ko Sakkwato suka raɓe a wurin dangi. Tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare a Legas kuma komawa gida ta gagara.

Akwai rukunin da muka fi gani a shekarun nan, wato tsofaffin 'yan acaɓa. Tun ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jiha ta haramta acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A watan Satumba na shekarar ta ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. To Mile 12 a Kosofe take, Idi-Araba kuma a Mushin, wato dokar ta faɗo ne a tsakiyar unguwannin mutanenmu. Baburan da aka kama murƙushe su ake yi, kuma wani babur ɗin ma ba a gama biyan bashinsa ba. Mutumin da jiya yake aika kuɗi gida, yau ya koma dako ko tura baro. Ana cikin haka aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya bi ta, shinkafa da manja da gawayi suka bi kuɗin mota. Gwamnatin Legas ta mayar da mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta naira 85,000 a 2024, amma mai gadi da ɗan garuwa da mai wankin takalmi ba sa cikin wannan lissafi.

Ba ma tambayar kowa takardar shaidar talauci. Limamin unguwa da shugabar mata sun fi kowace takarda sanin gidan da hayaƙi bai tashi ba.

Malam, ni iyalina suna gida Arewa, ni kaɗai nake nan ina kwana a shagon maigidana. Ina da rabo?

Kana da shi, ɗan'uwa. A tabarmar cin abinci akwai wurinka. Mun san cewa da yawa daga masu neman kuɗi a Legas ba son ransu ne ya hana su zuwa gida Sallah ba, kuɗin mota ne. Tafiyar da ta haura kilomita dubu zuwa Kano, zuwa da dawowa, ta fi ƙarfin wanda ke tara ɗari biyar-biyar. Wasu kan hau bayan tirelar da ta sauke kaya a Mile 12, kuma kowa ya san haɗarin da ke cikin wannan. In ka zauna, ka zo ka ci Sallah da mu. Ƙullin da ake tafiya da shi gida ne dai muke fifita masu yara a kai, in ya rage sai a waiwayo ku.

Yaya ake samun katin gayyata?

Ta hannun mutane uku: limamin masallacin unguwarku, ko shugabar matan Islamiyyar da ke kusa da ku, ko wakilin fadar Sarkin Hausawan yankinku. Su ke kawo mana sunaye tun farkon Zulƙida. Daga nan mutum biyu daga kwamiti, mace da namiji, za su leƙa gidan su gaisa, su ji adadin mutanen gidan, su bar kati. Kati ɗaya na gida ɗaya ne, kuma a jikinsa an rubuta yawan waɗanda za su zo da lokacin shigarsu.

Babu fom da ake cikawa a intanet, kuma ba a sayar da katin ko da naira ɗaya.

Abin sadaka ne, me ya kawo kati? Ba sai a buɗe ƙofa kowa ya shigo ba?

Wannan ce tambayar da ta fi jawo mana surutu, har wasu kan ce mun mayar da sadaka bikin 'yan gayu. Ga dalilinmu.

Ranar 18 ga Disamba 2024, yara 35 suka rasu a turmutsutsu a wani taron yara a unguwar Basorun da ke Ibadan, inda aka yi shelar za a raba kuɗi da abinci. Kwana uku bayan haka, a rana ɗaya, mutum 10 suka rasu a wata coci da ke Maitama a Abuja wajen rabon kayan abinci, wasu 22 kuma a Okija ta jihar Anambra wajen rabon shinkafa. A nan Legas ma, a watan Fabrairun 2024, an rasa rayuka a Yaba wajen sayen shinkafa mai rahusa ta hukumar kwastam. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka shirya da nufin cutar da kowa. Abin da ya haɗa su shi ne shela ta fi abin da aka tanada, mutane suka kwana a bakin ƙofa, da aka buɗe kuma kowa ya ji tsoron kada ya ƙare kafin a zo kansa. A irin wannan hali yara da tsofaffi da mata masu goyo ne ke faɗuwa ƙasa.

Shi ya sa ba ma shela a rediyo, ba ma sa adireshin wurin a Facebook ko WhatsApp. Wanda ke riƙe da kati ya san kasonsa na nan da sunansa ko da shi ne na ƙarshen zuwa, saboda haka ba shi da dalilin sammako ko ture wani. Mun raba lokacin shiga unguwa-unguwa, ƙofar shiga daban, ta fita daban. Bayan waɗancan abubuwa gwamnatin Legas ta wajabta wa masu shirya manyan taruka da rabon kaya su nemi izinin hukumar kiyaye haɗurra ta jiha, kuma muna bin wannan ƙa'ida, muna kuma sanar da ofishin 'yan sandan yankin. Gara a ce mun cika tsanani da a ce wata uwa ta zo cin tuwo ta koma da gawar ɗanta.

To in na zo ba ni da kati fa?

Ba za a wulaƙanta ka ba, amma ba za ka shiga ba. Za a rubuta sunanka da unguwarka, a ba ka ruwa, a ce ka koma gida. Abin da ya rage bayan an tashi a daren ake bi da shi unguwanni. Don Allah kada wanda ya samu kati ya gayyato 'yan layinsu gaba ɗaya. Tausayi ne ke sa hakan, mun sani, amma shi ne ke haifar da cincirindo a bakin ƙofa.

Maigidana ya ce ko yunwa za ta kashe shi ba zai je a gan shi yana karɓar sadaka ba. Yaya zan yi?

Hajiya, kada ki matsa masa, kuma kada ki ga laifinsa. Irinsa ne Alƙur'ani ya siffanta a aya ta 273 ta Suratul Baƙara, waɗanda wanda bai san halinsu ba zai zaci mawadata ne saboda kamun kai, ba sa nace wa mutane da roƙo. Mutumin da shekarun baya shi ke yanka rago ya aika wa maƙwabta, ba ƙaramin abu ba ne a ce yau ya miƙa hannu a gaban yaran da ya girme wa iyayensu.

Ki gaya masa yadda wurin yake. Babu layi. Babu kiran suna a lasifika. Masu bayarwa da masu karɓa a tabarma ɗaya suke zama, a tire ɗaya suke ci, kuma mun roƙi masu hali su rage ado a ranar, su bar babbar rigar aiki a gida. Ƙullin tafiya gida a wani ɗaki daban ake karɓa wajen fita, cikin jaka marar tambari. In duk da haka bai yarda ba, ke da yara ku zo in ya ba ki izini. In wannan ma bai yiwu ba, ki sanar da wadda ta kawo miki kati. Bayan Isha'i wani dattijo zai kawo saƙon gida a matsayin naman Sallah daga 'yan'uwa, irin wanda kowane gida ke karɓa a wannan lokaci ba tare da jin nauyi ba.

Za a ɗauki hotonmu a sa a intanet?

A'a. An hana ɗaukar hoto ko bidiyo na baƙi, kuma dokar ta hau kan kowa, har da 'yan kwamiti da manyan masu ba da gudummawa. Wanda aka gani ya ɗaga waya za a roƙe shi ya goge. Hoton da muke nuna wa masu taimako na tukwane ne da buhuna da rasiɗan sayayya.

Mun taɓa rasa gudummawa saboda wannan doka, kuma ba mu yi da-na-sani ba. Hoton da aka sa a Facebook a Legas, kafin Magariba ya isa ƙauyen su mutum, surukansa sun gani. Aya ta 264 ta Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma a ganinmu tura waya a fuskar marainiya tana karɓar leda yana cikin cutarwar.

A ina ake yi, kuma ta yaya zan isa?

A harabar wata makarantar Islamiyya ce a Agege, cikakken kwatance na bayan katinka. Mun zaɓi Agege ne don nan ce tsohuwar matattarar Hausawa a Legas. Fataucin goro da na shanu ne suka zaunar da kakanninmu a nan, musamman bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma har yau mayankar Oko-Oba na nan kusa, abin da ke sauƙaƙa mana aikin nama.

Masu zuwa daga Oyingbo, Yaba, Mushin, Oshodi ko Ikeja na iya hawa jirgin ƙasa na jan layi, wanda ke tsayawa a Agege a kan hanyarsa ta zuwa Agbado. Da katin biyan kuɗin sufuri mai suna Cowry ake shiga, kuma a tambaya tun kafin ranar ko zai yi aiki a ranar hutu. Masu hawa danfo, wato ƙananan bas ɗin haya na Legas, su sauka a Pen Cinema, 'yan agajinmu na nan ƙarƙashin gada su nuna hanya. Ga mutanen Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago muna ɗaukar hayar bas, kuma lokacin tashinta na jikin kati. Bas ba ta jiran kowa, don in ta makara a cunkoso ta ci lokacin wata unguwa.

In aka yi ruwa fa?

Ana yi ko da ruwa. A shekarun nan Babbar Sallah na faɗowa ne a daminar Legas, saboda haka akwai rumfuna, kuma azuzuwan makarantar a buɗe suke. A zo wa jarirai da abin rufa.

Me za a ci?

Tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, dafa-duka, soyayyen nama da farfesun kayan ciki. Abin sha zoɓo ne da kunun aya da ruwa. Akwai cincin da dubulan na yara. Tsofaffi marasa haƙori akan yi musu dambun nama, kuma masu ciwon suga ko hawan jini su faɗa tun ranar da aka kawo kati, a ware musu tukunya mai ƙarancin gishiri da abin sha marar sukari.

Kowace shekara sai an yi gardama tsakanin matan Kano da na Sakkwato a kan kaurin miya. Kwamiti ba ya shiga wannan shari'a.

Maza da mata a haɗe ake zama? Matar da ke takaba fa?

A rabe ake zama, da labule tsakani, kuma mata ne ke hidimar ɓangaren mata. Akwai wurin alwala da na sallah a kowane ɓangare, da ɗakin masu shayarwa. Matar da ke cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ba a buƙatar ta fito. 'Ya'yanta su zo tare da wata 'yar'uwa ko maƙwabciya, ita kuma mata biyu za su kai mata nata har ɗaki su yi mata barka da Sallah. Haka ma mai jego da wadda ke kulle.

Me aka tanadar wa yara?

Wannan ɓangaren ne ya fi cin hankalinmu, domin babba yana iya haƙuri ya ce Allah Ya kai mu ta baɗi, yaro kuwa ido yake zubawa. A gidan haya na Legas, inda ɗaki ke kallon ɗaki, yaro na ganin ragon maƙwabta a ɗaure tun mako guda kafin Sallah, yana ganin sa'o'insa sun sha sabon ɗinki. Shi ya sa kayan Sallar yara ba ma bari sai ranar walima. Teloli na auna su tun da wuri, a kai musu gida kafin ranar Arfa don su je Idi da su.

A wurin walimar akwai masu lalle da kitso, da mai aski. Akwai langa da 'yar gala-gala da gaɗa, da kacici-kacici, da wata gwaggo da ke yi musu tatsuniya, domin yaran da aka haifa a nan da yawa sun fi jin Yarbanci da Turancin buroka a kan Hausa, wasu ba su taɓa jin labarin Gizo da Ƙoƙi ba. Kowane yaro zai samu goron Sallah daidai da na ɗan'uwansa, a cikin ambulan. Muna roƙon baƙi kada su yi watsin kuɗi, nan take yake jawo kokawa. Duk yaron da bai kai shekara 7 ba za a ɗaura masa ɗan ƙyalle a hannu mai lambar katin gidansu.

Mu ba Hausawa ba ne, ko ba Musulmi ba ne. Za a karɓe mu?

Za a karɓe ku hannu biyu. Barebari, Fulani, Nupawa, Zabarmawa da Buzayen Nijar duk suna zuwa. Maƙwabtanmu Yarbawa, waɗanda su ma wannan Sallar ce babbar ranarsu, suna zuwa. 'Yan'uwanmu Kiristoci na kudancin Kaduna da Filato da Adamawa, waɗanda muke gadi da dako tare da su, su ma limamai kan kawo sunayensu. Zakka ce kaɗai ke da nata ƙa'idoji, kuma ba da ita ake dafa abincin ba.

'Ya'yana, ni tsoho ne kuma ba na gani, ƙafa ba ta kai ni Agege.

Baba, zauna abinka, mu za mu zo. Akwai tawagar da ke kai dafaffen abinci da nama ga waɗanda fita ke yi wa wuya, har da mazauna gidan masu lalura na Oko-Baba a Ebute Metta. Wanda kuma ke kan keken guragu yana son zuwa, ƙofar wurin ba ta da matakala, kuma akwai matasan da aikinsu ke nan.

Yaya batun tsafta? Muna tsoron ciwon ciki.

Tsoron na kan hanya. A watan Yunin 2024, daidai lokacin Babbar Sallah, cutar amai da gudawa ta ɓarke a Legas ta yi kisa. Ruwan da muke dafa abinci da haɗa zoɓo da shi tafasasshe ne, akwai bokitin famfo da sabulu a bakin kowace rumfa, kuma duk mai girkin da cikinta ya ɓaci a makon ba ta taɓa tukunya. Ma'aikatan jinya na wurin da akwatin agajin gaggawa, suna kuma gwada hawan jini kyauta, amma ba sa rubuta magani. In abu ya fi ƙarfinsu, lambobin gaggawa na jihar su ne 112 da 767.

Kowane gida ya zo da kula ko kwano mai murfi. Tun Janairun 2024 gwamnatin Legas ta haramta farar robar nan mai kumfa da masu abinci ke zuba shinkafa a ciki, daga Yulin 2025 kuma ta ƙara da wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar.

Ina son in taimaka. Zan iya ba da zakkata?

Za ka iya, Alhaji, amma ka faɗa mana cewa zakka ce. Asusu uku muke da su kuma ba ma cakuɗa su. Zakka tana da mutanenta guda takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, saboda haka ba ma hayar rumfa ko sayen man janareta da ita. Hannu da hannu muke damƙa ta ga wanda ya cancanta, ta zama mallakinsa, ya biya haya ko ya ja jari. Sadakar ganin dama ita ke ɗaukar girki da bas da ɗinkin yara. Na uku shi ne layya. Bayan Sallah da mako biyu ana karanta lissafin shiga da fita a gaban limamai, kuma duk wanda ya bayar yana da damar ya zo ya duba littafin.

Naman layya fa, yaya ake kawo shi?

Daga La'asar ɗin ranar Sallah zuwa hantsin washegari. A kawo shi a buɗaɗɗen kwano ko bokiti. Naman da aka ƙulle a baƙar leda da ɗuminsa aka jefa a but ɗin mota, kafin ya fita daga cunkoson Oshodi ya soma wari, kuma wanda ya canza ba ma karɓa. Ba ma dogara da firiza saboda halin wuta, shi ya sa mata ke kwana suya.

Mai son ya ba da dabba a tsaye mu yanka a madadinsa, ya kawo ta kafin ranar Arfa, lafiyayya, wadda ta kai shekarun layya, ba gurguwa ko mai ido ɗaya ko ramammiya ba. Ba a sayar da naman layya ko fatarta, ba a kuma biyan mahauci ladarsa daga jikinta, don haka ladar mahauta daga asusun sadaka take fita. Fatun mukan ba wa mabuƙata. Masu tambaya a kan haɗa kuɗi mutum bakwai a sayi sa, malamai sun saɓa a kan wannan, kowa ya tambayi malaminsa. In kuma watanda kuka yi don a ciyar da mutane kawai, to wannan sadaka ce, babu wata gardama.

Roƙo ɗaya: a daina ware mana ƙashi da kitse da huhu. A ba da irin abin da mutum zai so a ba shi.

Kuna karɓar tsofaffin kaya?

Wankakku, marasa yagewa, waɗanda ɗanka zai iya sawa ya fita. Abin da ya wuce haka na masu bola ne.

An turo mini saƙo a waya cewa in tura kuɗin rajista da lambar BVN. Daga gare ku ne?

Ba daga gare mu ba ne, damfara ce. Ba ma neman BVN ko lambar sirrin katin banki ko lambar da banki ke turowa a saƙo, ba ma kuma tura mahaɗin da za a latsa. 'Yan damfara sun fi kai farmaki gab da Sallah, sun san mutane na cikin buƙata. Masu ba da gudummawa kuma kada su tura kuɗi asusun wani mutum a OPay ko Moniepoint don kawai ya ambaci sunanmu. Asusun ƙungiya da sunan ƙungiya yake, mutum uku ke sa hannu kafin a cire ko sisi, kuma lambarsa a wurin limaminku za ka karɓa.

Ɗan siyasa zai iya zuwa ya taimaka?

Zai iya, kamar kowa. Ya zo ba fosta, ba hular jam'iyya, ba maroƙa, ba mai ɗaukar hoto, kuma ba za a ba shi lasifika ba. Buhun da aka buga hoton ɗan takara a jiki juye shi muke yi a wani. Wanda ya amince da wannan, ga tabarma.

Ba ni da kuɗi, amma ina da ƙarfi. Akwai aikin da zan yi?

Aiki kam ya fi ma'aikata yawa. Ɗiban ruwa, faskare, kafa rumfa, wanke-wanke, tsaron ƙofa, rakiyar tsofaffi, da sharar wuri bayan an tashi, wadda ita ce kowa ke gudu. Muna buƙatar masu jin Yarbanci da Barbarci da Fulatanci don tafinta. Wasu daga cikin mafi ƙwazon ma'aikatanmu baƙi ne na shekarun baya da suka ce su ma sai sun sa hannu. Masu kula da yara dai sai wanda limami ko shugabar mata ta tsaya masa.

Gaskiya, cin tuwon rana ɗaya me zai magance? Washegari ai yunwar na nan.

Tana nan, ba ma musu. Walima ba ta biyan kuɗin hayar shekara da mai gida ke nema a dunƙule, ga na ejan, wato dillalin gida, ga na takardar yarjejeniya, ba ta kuma dawo da babur ɗin da aka murƙushe. A cikin kwamitin kanmu akwai masu ganin gara a raba kuɗin kowa ya yi abin da ya ga dama, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce.

Abin da ya sa muka ci gaba shi ne abin da muka gani da idonmu. Hausawa na cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, amma a nan ba wawa ne ke cin bashin ba, uba ne da ya kasa kallon idon 'ya'yansa. In an ɗauke masa ɗinki da nama, ya tsira daga bashin da zai yi wata uku yana biya. Na biyu, talauci a Legas yana zuwa da kaɗaici. Mace na iya shekara a ɗaki ɗaya a Ijora ba ta san akwai 'yar garinsu a layin baya ba. A wurin walima ake haɗuwa, a nan wani dillalin albasa ke jin cewa wane na neman aiki, a nan mai abinci ke samun mai taya ta. Akwai kuma teburin da ke bakin ƙofar fita, inda ake yi wa mutane bayanin yadda za su samar wa yara takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya, da lambar NIN wadda ba a rajistar JAMB sai da ita, da inshorar lafiya ta jiha mai suna Ilera Eko. Sunayen da aka tattara ba a jefar da su bayan Sallah. Da su ake aiki wajen rabon zakka, da azumi, da ranar da aka ce wani na asibiti babu mai tsaya masa.

Ƙarfe nawa ake tashi?

Ana buɗe ƙofa ƙarfe 10 na safe, a ci abinci bayan Azahar, a yi La'asar tare, bas ta farko ta tashi ƙarfe 4 da rabi don mutanen Alaba Rago da ke Ojo su isa gida da sauran haske. Wanda ya manta kula ko takalmin yaro ya tambayi limamin da ya ba shi kati bayan kwana biyu, can ake mayar da kayan tsintuwa.